Babi na Huɗu da Fitilun Layinmu

Talata, 3 ga Satumba

Lucius, kana jina? Ni ce dai. Shekara huɗu ke nan da ka tafi ka bar ni da ciwon gwiwa da famfon kicin mai ɗiga, har yau ban daina yi maka surutu ba. Renita ta gaji da jin ina hira da kujerarka, shi ne ta ba ni tsohuwar kwamfutarta wai in riƙa rubutawa. Da yatsa biyu nake bugawa. In ka ga kuskure ka yi shiru, kai ma ba wani boko ka yi ba.

Littafin 'yarka ya zo. Ba ainihin littafin ba tukuna, takardun gwaji ne daga kamfanin da zai buga, a duba kafin a kai inji. Jiya ta shigo da su, da makullinta ta buɗe, shiru. Ka san halinta, in da labari mai daɗi kek ɗin lemun tsami take rungumowa hannu biyu, ta buga ƙofa da ƙafa. Haka ta yi ranar da ta zama dakta, haka ranar da jami'a ta ɗauke ta. Na ce ina kek? Ta ce, "Mama, sai an yi ƙuri'a."

Wannan ce shekararta ta shida a wurin. A watan Nuwamba manyan malaman sashensu za su shiga ɗaki su rufe ƙofa su yi ƙuri'a a kanta. In sun ce e, kujerar ta zama tata har tsufa. In sun ce a'a, shekara guda za a ba ta ta tattara nata-ya-nata. Kuma littafin nan shi za su duba. Yarinya ta kusa arba'in, furfura ta fara fito mata a goshi, duk a kan fitilun titi. Wace unguwa ake kunna wa fitila, wace ake kafa wa kyamara, wa ke yanke hukuncin. Kai ka ja mata, kai da ka shekara talatin da ɗaya kana hawa falwayar hukuma kana dawo mana da labari.

Ta bar takardun a kan teburin cin abinci, wai a nan ta fi samun natsuwa. Ta ce kar in nuna wa kowa. Wa zan nuna wa.

Alhamis, 5 ga Satumba

Na karanta. Babi ukun farko ban gane komai ba, kalmomi manya-manya kamar takardar asibiti. Amma babi na huɗu, Lucius, layinmu ne!

Ta rubuta yadda hukuma ta yanke mana fitilu shekara tara da suka wuce wai babu kuɗi, amma aka samu na kafa kyamara a kusurwa. Da yadda kai da Alvin Tibbs na tsallaken titi kuka ɗauki tsaninka kuka mayar da fitila shida da hannunku, ba izini ba komai. Sai dai ta haɗa ku biyun ta mai da ku mutum ɗaya, wai shi Mista Gray. Ta canja sunan layi, ta canja na coci. Ni kuma wai Pearl.

Pearl! Na yi kama da Pearl?

Ga maganata nan ɓaro-ɓaro a shafi na 112, wadda na faɗa mata a rikoda ina yankan albasa: kyamara sai an ƙwace miki jaka take amfani, fitila kuwa tun kafin a ƙwace. Har da layi a ƙarƙashi. Amma ba sunana. A shafin godiya ma "ga mahaifiyata" kawai ta sa. Shekara ashirin da shida ina dafa wa yaran makaranta abinci da gashi a cikin raga, sau ɗaya dai da za a buga Odessa Pettway a littafi, an ba wata Pearl.

Na kira ta. Ta ce, "Mama, kowa na yi masa alkawari a rubuce ba za a gane shi ba. Ke ma kin sa hannu." Na ce na sa hannu ne don kin miƙo min biro hannuna duk albasa. Ta yi 'yar dariyar gajiya ta ce tana da aji.

Lahadi, 8 ga Satumba

Bayan sujada a coci muka sauka ɗakin ƙasa cin abinci. Na kai burodin masara da ganye. Sista Bernadine ta zauna ta dame mu da surukinta Terrence, wai yanzu shi ke riƙe wa kansila jaka, wai kansila ba ya shan kofi sai Terrence ya ɗanɗana. Sai ta juyo. "Sista Odessa, ita taki har yanzu tana makaranta? Yaushe za ta gama ta kama aiki?"

Raina ya ɓaci. Shafi biyu ne kawai a jakata, na ɗauko ne don in sake karantawa a bas, Allah shaida. Na zaro na sa tabarau na karanta musu. Na ce wannan Pearl ɗin, ni ce.

Ai sai wuri ya kaure. Aka yi ta tafi. Wata ta ce to in ke ce Pearl, mai kare uku ɗin nan ai Loretta ce. Loretta ta ce biyu ne yanzu, ɗaya ya mutu. Aka kwashe da dariya. Bernadine ta karɓi takardar ta miƙa ta nesa da ido. "Shi kuma Mista Gray mai tsani a tsallaken gidanki, ai ko makaho ya san Alvin ne. Au, ashe shi ya ba ku wuta? Tsohon nan mai kamar ba ya iya kashe ƙuda!"

Na yi dariya ni ma. Na dawo gida kaina a sama. Ban ci abinci mai daɗin na yau ba tun bikin ritayarka.

Litinin, 9 ga Satumba

Na mayar da shafukan inda suke. Ɗaya ya ɗan sha mai a gefe.

Laraba, 18 ga Satumba

Motar hukuma ta zo da safe, irin taku mai kwando. Yara biyu ne, ban san su ba. Suka bi falwaya shida ɗaya bayan ɗaya suka datse wayoyin, suka ɗauki hoto, suka tafi. Alvin yana tsaye a barandarsa da kofinsa yana kallonsu.

Da magariba na leƙa. Na manta yadda layin nan yake in ba fitila. Jan ɗigon kyamarar kusurwa kaɗai ke ƙiftawa.

Wataƙila ba ni ba ce. Wataƙila dama sun sani.

Juma'a, 20 ga Satumba

An kawo wa Alvin takarda. Ana tuhumarsa da taɓa kayan hukuma, kuma za a iya ƙwace masa lasisin aikin lantarki, shi da ɗan gyare-gyaren nan yake haɗawa da fansho ya sayi maganin matarsa. Loretta ce ta gaya min. Ta ce kansila yana neman zaɓe da alkawarin ƙara kyamarori, ba zai so a ji wasu tsofaffi sun haska layinsu da kansu shekara tara ba.

Na tsallaka da kwanon wake. Ya buɗe ƙofar ragar sauro rabi. Na ce, "Mista Alvin, na ji abin da ya faru." Ya ce, "Kowa ya ji, Dessa." Ya kalli kwanon, ya ce sun riga sun ci. Ƙarfe huɗu na yamma.

Ya ce, "Ita yarinyar ta ce min ba wanda zai sani. A kan cinyata ta koyi ɗaure waya." Ya rufe.

Ita yake zargi, Lucius. Ban gyara masa ba.

Asabar, 28 ga Satumba

Renita ta wuni a nan. Akwai wani kwamiti a jami'arsu mai sa ido a kan masu binciken mutane, shi ya ba ta izinin yawo da rikoda tun farko. Alvin bai kai ƙara ba, labarin ne ya isa gare su da kansa. Sun kira ta. Kamfanin littafi ya tsayar da bugu sai an gama bincike. Lauyan hukuma kuma ya rubuto yana son muryoyin da ta ɗauka. Ta ce ko ɗaure ta za su yi ba za ta bayar ba.

Ta baza komai a kan tebur tana neman inda ta yi kuskure. Ko a wani taro ta faɗi sunan layin? Ko hoton taswira? Ko wanda ya gyara mata kwamfuta? Tana ta lissafawa da yatsu tana cizon leɓe irin naka. Ta ce, "Shekara takwas ina kaffa-kaffa, Mama. Ban san ta ina ya ɓulle ba."

Hannunta na kan shafin nan mai tabon mai. Ba ta lura ba.

Na ce ki ci abinci. Abin da na iya faɗa ke nan. Na soya mata kaza ta ci cinya ɗaya.

Talata, 1 ga Oktoba

Gwiwa. Famfo. Ban je taron mata ba.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Na faɗa mata.

Ba wani ƙarfin hali ba ne. Ta zo ɗaukar takardunta, ta ce gobe za ta je ta gaya wa kwamitin ita ce ta yi sakaci, tunda ba ta gano kowa ba. Ina wanke tukunya, ban juyo ba, na ce ni ce. Na ce shafi biyu ne kawai. Na ce Bernadine ce ta fara.

Da ta yi ihu da ya fi min. Ta zauna a kujerarka. Can ta ce, "Kwana nawa kika sani?" Na ce tun ranar motar. Ta ce, "Kina kallona ina tonon kaina ranar Asabar." Na ce ina so ne kawai su san kin zama wani abu. Ta ce, "A'a Mama, so kike su san ke kin zama wani abu."

Na ce ni uwarki ce, ki iya bakinki. Ta ce, "Ni na iya nawa."

Ta tattara takardun duka har da wadda na ɗora tukunya a kai. Ta ce laifinta ne duk da haka, ita ta bar su a gidan da ta san halin mai shi. Wannan ya fi komai zafi. Ta ja ƙofa a hankali.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Kwana goma sha ɗaya. Na kira sau huɗu, na'ura ce ke amsawa da muryarta ta aiki.

Na rubuta wa kwamitin wasiƙa. Sau uku ina yagawa. Na ce 'yata ta hana ni, na ƙi ji. Na ce na ɗauka ne ba da saninta ba, a jaka, zuwa coci, saboda wata ta raina ta. Ban san yadda ake yi wa irin mutanen nan magana ba, na rubuta yadda ya zo min. A ƙasa na sa Odessa Mae Pettway, cikakke.

To ga shi nan, sunana ya shiga jami'a.

Na hau bas biyu na kai da kaina. Ginin duk kyamarori, fitilu kuwa a kunne da rana tsaka. Wata sakatariya ta karɓa ta buga hatimi ta ce min in wuni lafiya. Ofishin Renita yana hawa na uku, na ga sunanta a allo. Ban hau ba.

Laraba, 23 ga Oktoba

Lucius, yau sai ka yafe min.

Wani ya zo daga hukuma, mai binciken zancen wayoyin, da katin aiki a wuya mai hotonsa. Tunda Renita ta hana su muryoyin, ba su da komai sai maganar coci, shi ne suka zo wurin mai maganar. Yaro ne mai ladabi, ya goge takalmi a bakin ƙofa. Ya ce, "Misis Pettway, an ce kin san wanda ya haɗa fitilun."

Na ce zauna ɗana. Na zuba masa kofi. Na ba shi labarin gwiwata tun daga faɗuwar da na yi a kicin ɗin makaranta. Na ba shi labarin karnukan Loretta, har wanda ya mutu. Ya duba agogo sau uku. Ya ce, "To amma fitilun fa?" Na ce ina zuwa, ka ci kek tukuna, ka rame, uwarka ta san haka kake yawo?

Da ya kusa kuka sai na nuna masa bango. Takardar yabon da suka ba ka, shekara talatin da ɗaya ba tabo. Na ce ka ga wannan? Shi ya haɗa. Mijina. Tsaninsa ne, wayarsa ce, shi ya san wace falwaya ke da rai. In kana son yi masa tambaya yana maƙabartar bayan masana'antar gilashi, layi na tara, ba ya fita ko'ina.

Ya ce, "Shi Mista Tibbs fa?" Na ce ni mijina na gani a saman falwaya. Gaskiya ce kuwa, kai ke sama. Wanda ya riƙe tsani a ƙasa ba a tambaye ni ba, kuma ni sama nake kallo ina addu'a kar ka faɗo.

Ya rubuta sunanka a littafinsa. Na ga yadda ya rubuta, har ya tambaye ni harafin ƙarshe. Kai da ba ka taɓa makara ba ko ranar da dusar ƙanƙara ta rufe gari, yanzu a takardarsu kai ne ɓarawon wuta.

Na sauke takardar yabon na goge ta na mayar. Na gaji, Lucius. Ban taɓa sanin yin shiru a cikin surutu yana gajiyar da mutum haka ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

An janye tuhumar Alvin. Ba a tuhumar matacce. Bai zo ya ce komai ba, amma da na fito da safe na tarar an share min ganyen ƙofar gida an tara a gefe.

Renita ta kira. Minti uku. Kwamiti ya yi mata gargaɗi a rubuce, zai zauna a fayil ɗinta, masu ƙuri'a za su gani. Littafi zai fita, amma babu babi na huɗu. Ba su suka ce ta cire ba, ita ta cire. Ta ce an riga an gane mutanen ciki, ba za ta buga su duniya ta karanta ba.

Na ce ai shi ne mai daɗin. Ta ce, "Na sani, Mama. Shi ne wanda Baba ke ciki."

Ta ce littafin ya rage kauri, ba ta san ko zai ishe su ba. Na ce na kai wasiƙa. Ta ce ta gani, an karanta a gabanta. Ta ce, "Kin rubuta kwamiti da kuskure sau uku." Ban san ko dariya ce ko kuka ba, ta kashe kafin in gane.

Babu Mista Gray, babu Pearl. Na zaci zan ji haushin Pearl har in mutu. Yau kewarta nake ji.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Kansila ya ci zaɓe. An ƙara kyamara a ɗaya kusurwar. Yanzu jan ɗigo biyu ne.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Yau ne ƙuri'ar. Ƙarfe uku suka shiga. Ba ta ce za ta kira ba, ni ma ban tambaya ba. Na dafa ganye da dankali, na ce ko ba komai ni zan ci.

Bernadine ta buga waya, karo na farko tun ranar nan. "Sista Odessa, an ce yau ake yanke wa taki hukunci? Terrence ya ce wai an cire rabin littafin, gaskiya ne?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ke ce ba ki sani ba? Ke?" Na ce tukunyata na kan wuta. Ba ta kan wuta.

Wani abu kuma. Shekaranjiya na buɗe gareji don in sha iska, na bar shi a buɗe, mantuwa ce irin ta tsufa. Tsaninka ba ya inda yake jingine. Jiya ya dawo, da ɗanyar laka a ƙafafunsa. Ɗazu da magariba ina wanke kofi sai na ga inuwar hannuna a bango. Fitilar ƙofar gidanmu ce. Ita kaɗai, sauran biyar ɗin suna nan a mace. Tana ɗan rawa kafin ta kama, kamar dā.

Kar ka tambaye ni. Tagar kicin tana kallon falwayar, e, kuma ina tashi da wuri, e. Ban ga kowa ba. Ko kai ba zan faɗa wa ba, kwamfutar nan ma ban san wa zai buɗe ta wata rana ba.

Ƙarfe shida ta wuce. Da a'a ce, da tuni ta... a'a, ban sani ba. Wataƙila ta wuce gidanta. Tana da gaskiya in ta wuce. Na dai ajiye faranti biyu, ba don komai ba, ɗaya ya yi kaɗaici a kan tebur.

Famfon nan har yanzu yana

Tsaya. Ana buga ƙofa. Ba da hannu ba, Lucius, daga ƙasa ne, da ƙafa ake